Lagireton Ɗan'azumi

Duk wanda ya kwana biyu a Kiru ya ce bai san Ɗan'azumi mai taki ba, to a duba masa kunne, don mutumin ko ba ka gan shi ba za ka ji shi. Takin zamani yake sayarwa da maganin feshi a bakin kasuwa, amma abin da ya fi rabarwa shi ne ilimi, kuma kyauta. In ana zancen ruwa, shi ya taɓa ƙetare dam ɗin Tiga da iyo. In ana zancen daji, shi ya taɓa korar kura da takalmi a Falgore. Sai dai babu inda bakinsa ya fi kaifi kamar zancen mota, don a cewarsa ya yi karen mota a hanyar Jos har manyan direbobi na neman shawararsa. Waɗanda suka san tushen labarin sun ce tafiya ɗaya ya yi, ita ma tun a Doguwa aka sauke shi saboda amai.

Ana nan sai Allah ya nufa ya sayi mota. Tsohuwa ce tukuf, ta daɗe a gindin darbejiya a gidan wani mutumin Badafi har kaji sun mayar da ita akurki. Ya sa aka share ta, ya raɗa mata suna Barewa. Mutanen unguwa suka ce sunan ya dace ta wajen rama.

Ba don ƙawa kawai ya saye ta ba. Matarsa Mariya ta tafi wanka gidan iyayenta a Tudun Wada, haihuwar fari, ta sami ɗa namiji aka sa masa Mujitaba, wanda Ɗan'azumi saboda kunyar ɗan fari ba ya ce masa komai sai "yaron nan". An yi arba'in, an wuce arba'in, amma surukarsa Inna Kulsumu ta ƙi mayar da su. Yau ta ce yaro bai yi ƙwari ba, gobe ta ce motocin haya cusa mutane suke kamar buhunan masara. A nan kam kurin Ɗan'azumi ya ƙare. Yana kewar matarsa ƙwarai, ɗan kuwa sau ɗaya ya gan shi ranar suna, shi ma a sace. Tunda ba ya iya haɗa ido da suruka, sai ya riƙa aika taubashinsa Idi mai kayan miya, wanda ke cin kasuwar Tudun Wada, ya je ya yi masa magiya: a gaya wa Inna yunwa na neman kashe shi, rabonsa da miyar kuka ta kirki tun tafiyar Mariya.

Maganar yunwar ce ta karya wa tsohuwa zuciya. Ta ce da Idi, "Tunda an ce ya yi mota, ya zo ranar kasuwa. In na ga motar da idona na yarda da ita, ya ɗauki iyalinsa. In ban yarda ba, sai bayan kaka." A lokacin kuwa masara ko bunni ba ta fara ba.

Ana gobe tafiya Idi ya matsa masa lamba suka kai Barewa garejin Hamidu. Hamidu ya ɗaga bonet, ya yi salati, ya rufe, ya sake ɗagawa ko abin da ya gani zai canza.

"Mai taki," ya ce, "lagireto ya tsage a wuya, yoyo yake. Birki ya cinye, sai ƙarfe. Shokozoba ta mutu, salansa ta huje, tayar baya ta yi sanƙo, hon ba ya kuka. Fentin nan ma..."

"Dakata, dakata. Me ya rage mai lafiya?"

Hamidu ya zagaya motar, ya dawo. "Madubi."

Ɗan'azumi ya tuntsire da dariya. "Ka ji su ko, Idi? Tunda aka halicci bakanike bai taɓa ganin mota mai lafiya ba. Ko sabuwa dal ka kawo masa a leda, sai ya ce ledar ta huje."

A gaskiya ba ƙarya ya yi duka ba. Hamidu ya iya aiki, amma yana da halin nan na 'yan gareji, in ya faɗi gaskiya ɗaya sai ya yi mata rakiya da ƙari biyu. Ya rage wa mai mota ya tsince tsakuwa daga shinkafa. Ɗan'azumi ya gyara tsayuwa ya fito da nasa ma'aunin.

"Ni gidan surukai za ni. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, shi ne gyara. Ka taɓa jin surukar da ta leƙa lagireto? Sa min hon, irin na manyan motoci, mai kukan algaita. A wanke ta, a shafa wa tayoyi baƙin mai."

Hamidu ya goge hannu da tsumma, ya rage murya. "Tsakani da Allah, mai taki, bar fenti, bar salansa, bar shokozoba, waɗannan za su jira. Amma lagireto da birki, ko ƙanena ne ba zan bar shi ya hau titi da su haka ba."

"Ka gani ko? Daga ɗan tsayawar nan har ka janye rabi. In na ƙara tsayawa kaɗan sai ka janye sauran."

"Birkin fa?" in ji Idi.

"Birki na matsorata ne. Direba na gaske da giya yake tsayawa. In ta kama, ga dutse, ka sauka ka sa mata weji. Da me kake biyan kuɗin mota?"

Hamidu ya ɗaura hon, ya ce Allah ya tsare hanya, ya maimaita addu'ar har sau biyu.

Da hantsi Ɗan'azumi ya fito cikin farar babbar riga wadda ta sha shuɗi da guga, hula ta karkata gaban goshi. Idi ya loda kayansa a kujerar baya, buhun kuka da na barkono, kwandon daddawa, ƙullin kanwa, ya shiga gaba ya rungume dutsen weji a cinya. Ɗan'azumi ya zagaya kasuwa yana danna hon har awaki suka tsinke igiya, sannan suka ɗauki hanya.

Ba su yi nisa ba, daidai wasu gonakin rake, Idi ya waiga ya ga layin ruwa yana bin su a kan kwalta.

"Taubashi, Barewa fa fitsari take tun daga gida."

"Gumi ne. Lafiyayyar mota ke gumi."

"Allurar zafin injin nan da ta kai ja fa?"

"Jinin jiki ne."

Amma da tururi ya fara leƙowa ta gefen bonet sai ya gangara, Idi ya dira ya sa dutse. Suka jira ta huce. Ɗan'azumi ya buɗe lagireto ya ga wayam, ya dubi tsagar, ya dubi kujerar baya, sai fuskarsa ta washe.

"Miƙo min kuka."

"Kuka ta me?"

"Kai dai ƙauyanci ya yi maka yawa. Da me kake tsammani direbobin Jos ke hawa tsaunuka? Kuka in ta ji ruwan zafi kauri take yi, ta bi kafa ta toshe. Abin da Hamidu zai kwana yana walda, ni da tafin hannu zan yi shi."

Ya kamfato kuka tafi biyu ya zuba, ya ƙara na uku don albarka, suka ɗebo ruwa a rafi suka cika. Wani ikon Allah kuma, yoyon ya tsaya cak. Allura ta sauka. Da ma abin bai yi ba da ya fi masa alheri, don nan take ya ciro waya ya kira gareji.

"Hamidu, ka ji injin? Na yi maka aikin a bakin hanya, ko sifana ban taɓa ba. In kana son koyo, ka zo da littafi ranar Asabar."

Suna shiga Kwanar Dangora Barewa ta fara wani irin gurnani daga ciki. Ɗan'azumi ya taka birki, birki ya yi masa alkawari. Ya sauko giya, ya sake saukowa, Idi ya dira yana bin ta da dutse har gaban teburin mai shayi kafin ta amince ta tsaya. Kafin tururi ya lafa an kewaye su, 'yan kamasho da masu rake da direbobin da ke jiran lodi. A tasha kuwa ba a rasa likitan mota, kowa da nasa laƙanin.

Wani direba mai jan rawani ya leƙa ya ce, "Me ka zuba mata haka kore?"

"Kuka," in ji Ɗan'azumi da alfahari.

"Kuka ita kaɗai? Ai barkono ake sawa, shi ke shiga ƙananan kafofi."

"Shi nake shirin sawa ka tari numfashina. Idi, barkono."

Wani ɗan kamasho ya ce, "Tsatsa ce ta cinye shi. In ba a sa kanwa ba aikin banza ake."

"Wa zai manta da kanwa? Idi, kanwa."

Haka Ɗan'azumi yake, gara ya haɗiye garwashi da a ce wani ya san abin da bai sani ba. Duk shawarar da aka kawo sai ta tarar dama ita ce a bakinsa. Da aka duba tsagar aka ga ta ƙara baki har yatsa na shiga, wani ya ce a nemo sabulu, shi kuma don kada a ce ba shi da tasa dabarar sai ya ce sabulu na koyo ne, daddawa ta fi danƙo. Ya ɗebo curi uku ya murje, ya danna a tsagar da babban yatsa, rabi ya faɗa ciki, ya ƙaro wasu ya liƙe. Saura ruwa. Mai shayi ya ce nasa na sayarwa ne. Sai wani mai kifin Tiga da ke gefe ya ce ga ruwan da ya wanke kifi nan a baho, dama zubarwa zai yi.

"Ruwa ruwa ne," in ji Ɗan'azumi. "Inji ba shi da hanci."

Idi ya tsaya yana kallon kayansa na shiga cikin mota ta inda bai taɓa zato ba. "Taubashi, in yanko albasa?"

"Ka yanko hankali. Hau mu tafi."

Suka karkata hanyar Tudun Wada. Da farko Idi ya ɗauka daga wani ƙauye ƙamshin ke zuwa. Suka wuce ƙauyen, ƙamshi bai wuce ba. Suka shiga fili, ba gida gaba ba gida baya, sai ma ƙaruwa da ya yi, yana shigowa ta ƙarƙashin sitiyari. Cikin Idi ya yi ƙugi.

"Wallahi taubashi miya nake ji."

"Kayanka ne a baya rana ta buga."

"Kayana ɗanye ne. Wannan ta nuna."

Wani ɗan acaɓa ya jero da su, ya buɗe hanci, ya leƙo ta taga. "Malam, don Allah a ina ake sunan?"

"Sunan uban wa?"

"To ina za ku kai abincin?"

Ɗan'azumi ya danna masa hon har ya kusa faɗawa gona. Gaba kaɗan wasu manoma da ke noman masara suka ɗago kai gaba ɗaya, wani har ya ajiye fartanya ya nufo titi yana tsammanin an kawo na rana. Karnuka biyu suka biyo su daga wata ruga, kafin a jima sun zama ayari. A cikin bonet kuwa sai ƙara kake ji, fat, fat, fat, irin ta tukunyar da aka manta a murhu.

"Mu tsaya ta huce," in ji Idi. "In kunne ya ji, jiki ya tsira."

"In na kashe ta yanzu wa ya ce za ta tashi? Ga Tudun Wada can ana hangowa. Yau a ɗakina yaron nan zai kwana, ko da turi ne."

Ya faɗi wannan ba da muryar kuri ba, har Idi ya ji tausayinsa.

A ƙofar gidan Inna Kulsumu an yi shiri. An fito da kayan Mariya an jera a gindin bango, buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, fantekar dubulan, da ƙunshin kayan jariri. Dattawan unguwa na kan tabarma a inuwar zaure, matan maƙwabta sun cika soro suna jiran ganin motar da aka daɗe ana jin labarinta. Tun daga kan kwana suka ji algaita. Sai ga Barewa ta ɓullo tana sheƙi, tayoyi baƙi wuluk, tururi a gaba, karnuka a baya.

Ɗan'azumi ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da kowa ba.

"Idi, dutse!"

Idi ya dira ya jefa dutse, taya ta haye shi ta wuce abinta. Dattawa suka kwashi tabarma da takalma. Barewa ta ci gaba da gangarawa a hankali, ba gaggawa, har ta je ta sumbaci dakalin ƙofar gida, ta yi ajiyar zuciya ta mutu.

Ɗan'azumi ya fito, ya gyara riga, ya dubi jama'a kamar dama nan ya yi niyyar tsayawa.

Wani dattijo ya ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. Lafiya motar ke gurnani haka a kashe?"

"Ƙoshin lafiya ke nan, Baba. Wani bakanike a Kiru ya so ya kwance mata ciki, na ce ba a gabana ba. Ni na gyara abata da hannuna." Ya ɗaga hannu ya doki bonet da tafi, irin dukan da ake wa ingarma.

Daidai nan Inna Kulsumu ta fito daga zaure. Ɗan'azumi ya zube a gaban mota, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Inna."

Bai rufe baki ba daddawa ta saki. Bonet ya yi sama da kansa, wani abu kore ya tashi kamar an buɗe famfo, ya haye tsayin zaure, ya buɗe a sama, ya dawo ƙasa. Mata suka watse da salati. Allah ya taimake shi tafiyar saman ta ɗan shayar da miyar iska, amma duk da haka da zafinta ta sauko masa a hula, ta bi wuya, ta malale farar riga gaba da baya. Ga shi ba a tashi a tsakiyar gaisuwar suruka. Haka ya dafe a tsugune yana raɗaɗi.

Inna, wadda rufin zaure ya kare, ko gezau ba ta yi ba. "Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi." Wani gudan daddawa ya gangaro daga hula ya tsaya masa a gira.

"Ya mutanen Kiru?"

"Suna gaishe ku."

Sai da ta tambayi kowa da kowa har da kasuwa da damina, sannan ta tako ta tsaya a kan abin da ya malala a ƙasa, inda karnuka suka riga suka fara aiki. Ta sunkuya ta shinshina. Ba ta dubi surukinta ba, Idi ta duba.

"Idi, wannan kuka ce?"

"Ita ce, Inna."

"Da daddawa, da barkono. Har da kanwa. Wannan ƙarnin fa?"

"Kifin Tiga ne, Inna."

Wata maƙwabciya ta kasa riƙewa ta fashe, sai soro duka ya ɗauka, dattawa na toshe baki da hannun riga. Inna ta jira aka lafa.

"To Idi, gaya wa ɗan'uwanka. Ni dama ba don yaro ya yi ƙwari na yarda ba. Kai ka zo nan ka yi ta min magiya, yunwa za ta kashe shi, ba shi da mai kaɗa masa miya, har na kasa barci. Ashe ya yi dace, abin hawansa ma girki take. Tunda yana da mai miya, hankalina ya kwanta. Jikana kuwa ba zan sa shi a tukunya ba." Ta juya wajen mata. "A mayar da kaya ciki. Sai bayan kaka."

Ɗan'azumi bai tashi daga inda yake ba. Yana tsugune yana kallo aka ɗauke shinkafa, aka ɗauke dubulan, aka ɗauke ɗan ƙunshin nan na kayan jariri. Ƙunshin ne ya fi yi masa ciwo, har ya manta da zafin wuyansa.

Da jama'a suka ragu ya lallaɓa cikin zaure, ya tuɓe babbar riga, ya ciro waya.

"Hamidu... ka taho Tudun Wada da lagireto. Da birki."

"Mai taki, ai na sayi littafin ina jiran Asabar."

"Don girman Allah ka bari."

"Labari ya riga ka, wani direba daga Kwanar Dangora yana nan. In taho da sifana ko ludayi?"

Ya kashe wayar. Can sai ga Mariya ta shigo zauren, goye da yaro, ɗauke da kwano a rufe. Ta sha lalle, ta sa sabon zane, yaron ma an sa masa 'yar hular saƙa ta tafiya. Ta durƙusa ta ajiye kwanon, ta dube shi, dariya ta zo mata, ta haɗiye, sai idonta ya kawo ruwa.

"Tun asuba na ɗaure kayana," ta ce a hankali.

Ya saci kallon yaron, yaron ya ƙura masa ido, ya shinshina, ya yi atishawa. Daga cikin gida Inna ta ƙwala wa Mariya kira, ta miƙe ta nufi ƙofa.

Idi, da yunwa ta gallaba tun a hanya, ya jawo kwano ya buɗe. Malmalar tuwon masara ce guda biyu, fari tas, gaya. Ya leƙa gefe, ya ɗaga murfi ya duba ƙarƙashi.

"Mariya, an manta da miya."

Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waigo ba.

"Ba a manta ba. Inna ta ce kun zo da abarku."